Katun ɗin jarumai: wanne za a kunna wa ɗan shekara huɗu, wanne sai ya kai takwas?

Sunan jarumi ba ya gaya wa iyaye komai game da abin da ke cikin shirin. Spider-Man ɗin da ke cikin Spidey and His Amazing Friends, wanda Disney Junior ta fara nunawa a 2021, ƙaramin yaro ne da ke naɗe mugaye da saƙar gizo, a watse ba wanda ya ji ciwo. Spider-Man ɗin fim ɗin katun na 2018, Into the Spider-Verse, a gaban idonsa aka harbi baffansa, ya kuma mutu a hannunsa. Haka Batman. Akwai Batwheels na 2022, inda motocinsa ke magana suna wasa don 'yan yara, akwai kuma The Killing Joke na 2016, wanda a Amurka aka ba shi alamar R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga kallonsa sai da babba. Hoton da ke jikin jakar makaranta ɗaya ne, amma kama da wane ba ta wane.

Saboda haka tambayar ko Batman ya dace da yara ba ta da amsa. Wadda ke da amsa ita ce: wane shiri, wane zango, kuma wane yaro.

Rukuni huɗu da ake tarawa a suna ɗaya

Na farko shi ne wanda aka yi wa 'yan shekara uku zuwa shida, irin su PJ Masks na 2015 da Spidey ɗin da aka ambata. Kowane labari kusan minti 11 ne, matsala ɗaya ce tak, kuma a nan take ƙarewa. Bos ɗin yawanci mai son a kula shi ne, ko mai kwashe kayan wasan mutane. Ba naushi a fuska, ba bindiga irin ta gaske, ba mutuwa. Ana kama mugu da raga, ko kumfa, ko a rufe shi a wani abu. Raunin wannan rukuni ba a faɗa yake ba, a tsarin labarin yake. Jarumin yakan shafe mafi yawan lokacin yana nuna halin da ake so a hana, kamar son kai, ko gasa da abokai, ko ƙin jin shawara, sai a minti na ƙarshe ya gane kuskurensa. Babba yana ɗaukar darasin ƙarshe. Ƙaramin yaro yakan ɗauki abin da ya fi daɗewa a idonsa. A 2008 Marie-Louise Mares da Emily Acosta sun nuna wa 'yan ajin share fage wani katun da ke koyar da karɓar masu buƙata ta musamman ta hanyar labarin kare mai ƙafa uku. Da aka tambayi yaran darasin, mafi yawansu abin da suka riƙe shi ne a kyautata wa kare mai ƙafa uku, ba su kai maganar kan mutane ba.

Na biyu shi ne na barkwanci. Teen Titans Go!, wanda ya fara a 2013, shi ne misalin da aka fi sani. Zanen nasa zagaye-zagaye ne, launukan masu haske, shi ya sa iyaye da yawa ke zaton na 'yan yaye ne, alhali alamarsa TV-PG ce, wato sai da lurar iyaye. A nan duka abin dariya ne. A maka wa mutum guduma ya baje, bayan daƙiƙa biyu ya miƙe garau. Abokai suna zagin juna, suna yi wa juna mugunta, akwai raha ta tusa da bayan gida, kuma sau da yawa labarin kan ƙare ba wanda ya koyi komai, domin a nan ne abin dariyar yake.

Na uku shi ne na faɗa da labari mai ci gaba: Ben 10 na 2005, Teen Titans na asali na 2003, Miraculous na ƙasar Faransa da ya fara a 2015, da tsohon katun ɗin Batman na 1992. Kashi ɗaya kusan minti 22 ne. Bos ɗin yana da niyyar halaka mutane da gaske, akwai dodanni, cin amana, sace mutane, wani lokaci har da mutuwar wani na kusa da jarumi. Amma kuma a nan ne ake ganin jarumi ya ji ciwo, ya yi nadama, ya biya kuɗin kuskurensa.

Na huɗu ba na yara ba ne sam, zanen ne kawai ya yi kama. Invincible na Amazon, wanda ya fito a 2021, da Harley Quinn na 2019, duka TV-MA ne, na manya zalla. Kashin farko na Invincible ya cancanci a ambace shi saboda tarkon da ke cikinsa: kusan minti arba'in yana tafiya kamar labarin matashi da ya sami baiwar tashi sama, sai a mintocin ƙarshe a yi kisan gilla, jini ko'ina. Uban da ya kalli minti goma na farko ya miƙa wa yaro rimot bai ga komai ba. Tsakanin rukuni na uku da na huɗu akwai na matasa masu alamar TV-14, irin su X-Men '97 na 2024 da My Hero Academia na Japan.

Rukuni na huɗu ba sai an yi dogon tunani ba. Na farko ma da sauƙi. Inda iyaye ke ruɗewa shi ne tsakanin na biyu da na uku.

Dukan wasa ko dukan gaske?

Yawancin iyaye idan aka ajiye musu katun mai ban dariya da katun mai duhu da dodanni, na dariyar za su ɗauka wa ɗan shekara shida. Ta fuskar tsoro sun yi daidai. Ta fuskar kwaikwayo kuwa, lissafin ya juye.

Babban binciken tashin hankali a talabijin da aka yi a Amurka tsakanin 1994 da 1997 ya tattara sharuɗɗan da ke sa mai kallo ya fi kwaikwayon duka. Mai dukan ya zama abin so. A nuna dukan a matsayin daidai. Kada a hukunta mai yin sa. Kada a nuna zafin wanda aka daka. A haɗa shi da dariya. Katun ɗin jarumai da ma yana da ukun farko tun daga tushe, domin jarumi abin so ne, yana da hujja, kuma yabo yake samu. Na barkwanci sai ya ƙara sauran biyun. Yaron da ya ga an buga wa wani kujera a ka an yi dariya ba wanda ya yi kuka, babu abin da ya gaya masa cewa ƙanensa zai yi kuka.

Katun na rukuni na uku yana nuna sakamako, kuma wannan alheri ne, amma da sharaɗi: sai yaron yana iya haɗa aiki da sakamakonsa. Idan bos ya yi mugunta a minti na uku aka kama shi a minti na ashirin, ko a kashi na gaba, ɗan shekara huɗu ba ya ƙulla su wuri guda. Abin da ya gani guntaye ne: wani ya daki wani, wani gini ya rushe, wani ya yi ihu. Wajen shekara bakwai zuwa takwas ne yawancin yara ke iya riƙe zaren labari, su gane dalilin mutum, su kuma bambance abin da zai iya faruwa da wanda ba zai iya ba. Daga nan aka samo bakwai ɗin da ke cikin TV-Y7, alamar shirin da aka yi wa 'yan shekara bakwai zuwa sama.

Tsoro ma yana sauya kama da shekaru. Joanne Cantor, wadda ta daɗe tana nazarin tsoron yara a Jami'ar Wisconsin, ta nuna cewa 'yan ƙasa da shekara bakwai kamanni ne ke firgita su, ba niyya ba. Mummunar halitta mai kirki ta fi ba su tsoro a kan kyakkyawan mutum mai mugun nufi. A wani gwaji da ta yi da Glenn Sparks a kan shirin Hulk, ƙananan yara sun fi firgita a lokacin da mutumin ke rikiɗewa ya zama ƙaton kore da kuma bayan rikiɗar, duk da cewa Hulk ɗin taimako ya zo yi. Manyan yara kuwa sun fi tsorata kafin rikiɗar, lokacin da mutane ke cikin haɗari, da ya rikiɗa sai hankalinsu ya kwanta. Wannan yana da muhimmanci a nan, domin rikiɗa ita ce jarin katun ɗin jarumai. Ben 10 gaba ɗayansa yaro ne da ke komawa halittu iri-iri. A Miraculous kusan kowane kashi wani mutumin kirki ne, ɗan aji ko malami ko mahaifin wani, ɓacin rai ke sa a juya shi ya zama bos. Ɗan shekara tara yana jin daɗin wannan. Ɗan shekara huɗu yana iya fita da tunanin cewa mutumin da ya sani zai iya komawa dodo.

Bayan shekara takwas dodanni sun rage tasiri, sai abin da zai iya faruwa da gaske ya karɓi wurin: gobara, sace yaro, mutuwar uwa ko uba. Kuma labarin jarumai cike yake da maraici. Big Hero 6 na 2014 yana da alamar PG, yana da mutum-mutumi fari mai taushi da yara ke so, amma tun a farkon fim ɗin yayan jarumin ya mutu a gobara. Yaron da aka yi wa rasuwa kwanan nan, ko shekararsa goma, a yi tunani kafin a kunna masa.

To, wanne za a zaɓa? Ƙasa da shekara bakwai, ba ko ɗaya daga cikin biyun. A tsaya a rukuni na farko. Daga bakwai zuwa tara, a duba yaron. Idan mai saurin hannu ne, mai dukan ƙanne, mai maimaita duk maganar da ya ji, na barkwancin ne zai fi ɓata shi, kuma zaɓaɓɓen shiri daga rukuni na uku da ake kallo tare da babba ya fi masa. Idan mai tsoro ne, mai farkawa cikin dare, a jinkirta masa rukuni na uku da shekara guda ko biyu, a bar shi da na barkwanci kaɗan-kaɗan, tare da ƙa'idar cewa zagin da ke ciki ba ya fitowa daga talabijin. Idan aka ce dole a ɗauki ɗaya ga matsakaicin ɗan shekara takwas, na uku ya fi: ya fi sauƙi a lallashi yaron da ya ɗan tsorata a kan a cire masa baƙar maganar da ya maimaita sau ɗari.

Akwai wata fata da iyaye ke yi, cewa kallon jarumai zai koya wa yaro kare mai rauni. Sarah Coyne da abokan aikinta a Jami'ar Brigham Young sun bi yara 240 'yan share fage, suka wallafa sakamakon a 2017. Yaran da suka fi shaƙuwa da jarumai sun fi nuna faɗa bayan shekara guda, kuma ba su fi sauran tsaya wa wanda ake zalunta ba. Binciken alaƙa ya nuna, ba hujja ce cewa katun kaɗai ya jawo ba, amma ya dace da abin da aka sani: ƙaramin yaro naushin yake gani, dalilin naushin ya fi ƙarfin fahimtarsa.

Da me za a auna: alama, sharhin wasu, ko idon iyaye?

Alamar shekaru ita ce mafi sauri, ita ce kuma mafi ƙarancin bayani. Tsarin talabijin na Amurka, wanda ya fara aiki a 1997, shi ne aka fi gani a kusurwar allo: TV-Y na kowane yaro, TV-Y7 daga shekara bakwai, TV-Y7-FV idan faɗan almara ya yi yawa, TV-G na kowa, TV-PG sai da lurar iyaye, TV-14, sai TV-MA na manya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tashar ko kamfanin da ya yi shirin shi ke ba wa kansa alamar, ba wata hukuma ta waje ba. Shi ya sa za a ga shiri ɗaya da alama daban a wurare biyu. Fina-finan silima daban ne: a Amurka kwamitin iyaye na ƙungiyar MPA ke ba da G, PG, PG-13 ko R, a Birtaniya kuma hukumar BBFC ke ba da U, PG, 12A, 15 da 18. Ta BBFC ta fi amfani ga iyaye saboda tana rubuta dalili a shafinta, ta ce akwai barazana kaza, duka kaza, magana kaza. Tana ɗaukar U a matsayin daga shekara huɗu, PG kuma wajen takwas.

Alama tana aiki sosai wajen cire abu. Duk abin da aka rubuta wa TV-14 ko TV-MA, an gama magana ga ɗan firamare. Amma ba ta isa ta shigar da abu ba. Ba ta auna rashin kunya ga manya, ba ta auna soyayya tsakanin 'yan makaranta, wadda ita ce rabin labarin Miraculous, ba ta auna irin suturar jarumai mata, ko sihiri da aljanu, ko yawan tallan kayan wasa. Kowane gida yana da iyakarsa a waɗannan, kuma ba wata alama da aka yi da ita a rai.

Sharhin da ake rubutawa don iyaye yana tsakiya. Common Sense Media, wadda aka kafa a 2003, tana ba da shekarar da ta ga ta dace, ta kuma rarraba bayanin: faɗa da ban tsoro, magana, soyayya, talla, kyawawan darussa. A ƙasa iyaye da yara suna rubuta nasu. Kada a tsaya a lambar shekarun, a karanta bayanin abin da ya faru, kuma a fara da sharhin waɗanda suka fi kushe shirin, domin su ne ke ambaton takamaiman wurin da ya firgita ɗansu. Jerin bayanan iyaye na IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai, shi ma yana lissafo irin waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, sai dai masu kallo ne ke rubutawa, don haka wani shirin an cika masa bayani, wani ba komai. Babban gurbin sharhi shi ne yawanci a kan 'yan kashin farko ake rubuta shi, alhali shirye-shiryen rukuni na uku suna ƙara nauyi zango bayan zango, kamar suna girma tare da masu kallonsu na farko.

Kallo da ido shi ne mafi tsada ta fuskar lokaci, kuma ba abin da ke maye gurbinsa. Amma ba sai an kalli zango duka ba. Kashi uku sun isa idan an zaɓe su da kyau: na farko, ɗaya daga tsakiya, da na ƙarshen zango mafi sabo. Na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci, a nan marubuta ke zuba abin da ya fi nauyi. Ga shiri mai minti 22, aikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna ne. A kalle shi da sauti, domin rabin tsoron a kiɗa da ihu yake, kuma a kai har ƙarshe, har bayan sunayen ma'aikata, saboda an saba ɓoye wani ɗan guntu a can.

Ana kallo ana riƙe da waɗannan tambayoyi. Ta yaya aka warware matsalar, da dabara da haɗin kai, ko da naushin da ya fi na bos ƙarfi? An gwada magana kafin a kai hannu? Da aka daki wani, an nuna ya ji zafi, ko an yi dariya? Wa ake duka: mutum-mutumi da dodanni, ko mutane masu kama da na gida? Da me ake dukan? Wannan ta ƙarshen ana yawan yin kuskurenta. Hasken da ke fita daga ido ba ya cikin abin da yaro zai iya yi, amma shaƙe wuya, harbi da ƙafa, jifa da dutse, wasa da wuta, tsalle daga kan rufi ko hawan taga duk yana iyawa. Makamin almara ya fi sanda aminci. A 2007 wasu likitocin yara a Ingila sun wallafa rahoton yara maza biyar da suka ji munanan raunuka suna sanye da rigar jarumai, huɗu ta Spider-Man, ɗaya ta Superman. Idan za a saya wa yaro rigar, a haɗa da magana a fili cewa riga ba ta sa tashi sama.

Sai a duba yadda jarumai ke magana da juna idan ba faɗa ake yi ba, da yadda aka nuna iyaye da malamai. Idan kowane babba a shirin wawa ne, kuma jarumin yana yi wa iyayensa ƙarya kullum don ɓoye sirrinsa, wannan ma darasi ne. Ga ƙaramin yaro yana da kyau a gaya masa cewa ɓoye wa iyaye sirri na cikin katun ne, a gida ba a yi.

A ƙarshe a lura da gudu da walƙiya. A 2011 Angeline Lillard ta nuna wa 'yan shekara huɗu katun mai saurin sauya hoto na minti tara kacal, kuma nan take suka gaza takwarorinsu wajen ayyukan natsuwa da haƙuri. Binciken da ta yi daga baya ya nuna cewa yawan abubuwan da ba za su yiwu ba a zahiri ya fi saurin hoton tasiri. Tasirin na ɗan lokaci aka auna, amma ya isa a ce kada a kunna irin wannan gab da karatu ko gab da barci. Walƙiya kuwa batun lafiya ne. Ranar 16 ga Disamba 1997, yara 685 aka kai asibiti a Japan bayan wani kashi na Pokémon da ya riƙa sauya ja da shuɗi kusan sau 12 a daƙiƙa. A 2018 sai da gidajen silima suka manna gargaɗi a kan Incredibles 2 saboda hasken da ke cikinsa. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada walƙiya ta wuce uku a daƙiƙa ɗaya. Yaron da ke da farfaɗiya, ko ake da ita a danginsa, a tuntuɓi likita, a kuma riƙa kallo da fitila a kunne, nesa da allo.

Inda ake kallon

Shiri mai kyau a wurin da ba shi da shinge ya fi matsakaicin shiri a wuri mai shinge haɗari. A Netflix ko Disney+ ana iya buɗe wa yaro sashensa, a sa iyakar shekaru, a kulle sashen manya da lambar sirri, a kashe tsarin da ke kunna kashi na gaba da kansa. Netflix yana kuma ba da damar toshe wani shiri da sunansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shirya sashen yaro tsaf a bar na manya a buɗe. Ɗan shekara biyar ya san yadda ake sauyawa.

YouTube wani abu ne daban, domin kowa na iya ɗora bidiyo da fuskar jarumi. A 2017 aka bankaɗo dubban bidiyoyi da ke amfani da Spider-Man da wasu taurarin katun cikin allura, duka, tsiraici da abubuwan ƙyama, wasu har sun kutsa YouTube Kids. A watan Nuwamba na shekarar kamfanin ya ce ya cire sama da bidiyo 150,000. Har yanzu ana yin na jabu, kuma manhajojin ƙirƙirar bidiyo sun sa yin su ya ƙara sauƙi. Alamominsu: take mai tarin sunayen jarumai daga kamfanoni daban-daban, ba magana sai ihu da kiɗa, zane mai karkacewa, tasha marar alamar tantancewa. YouTube Kids yana da matakai uku, 4 zuwa ƙasa, 5 zuwa 8, da 9 zuwa 12, amma na'ura ce ke tace su. Ga ɗan ƙasa da shekara bakwai, zaɓin da iyaye ke amincewa da tashoshi da hannunsu ya fi, domin yana kashe bincike gaba ɗaya. Wanda ya fi duka tsaro shi ne a sauke kashin da aka riga aka duba, a kashe intanet, a miƙa wayar.

Talla ma tana bin wurin kallo. Dokar Amurka ta 1990 ta taƙaita talla a shirye-shiryen yara na talabijin zuwa minti 12 a sa'a a ranakun aiki, minti 10 da rabi a ƙarshen mako, amma bidiyon buɗe kwalin kayan wasa a intanet talla ce daga farko har ƙarshe. Yara ƙasa da shekara bakwai zuwa takwas ba su gane cewa talla so take ta sayar musu da abu. Idan kowane zango jarumi yana samun sabuwar mota da sabuwar riga ba tare da labarin ya buƙace su ba, an san daga inda umarnin ya fito.

Bayan an kunna

Hukuncin ƙarshe a jikin yaron ake karanta shi, cikin mako ɗaya ko biyu. Wasan jarumai shi kansa ba matsala ba ne. Yaron da ya ɗaura tawul a wuya yana ceton 'yar tsana, yana ƙirƙiro labarinsa, yana tsayawa idan abokin wasa ya ce ya isa, lafiya yake. Abin dubawa shi ne wasan da ya koma maimaita naushi ɗaya ba labari, ko wanda kullum ke ƙarewa da kukan wani, ko sababbin kalmomin raini, ko ƙin kwana shi kaɗai, ko tambaya ɗaya da ake ta maimaitawa a kan mutuwa ko dodo. Idan aka ga biyu daga cikin waɗannan, a ajiye shirin wata shida, a sake gwadawa.

Ajiyewa ba tana nufin kashe talabijin ba. A 2013 Dimitri Christakis ya yi gwaji da iyalai 565 masu 'yan shekara uku zuwa biyar a birnin Seattle. Ba a ce su rage lokacin kallo ba, an taimaka wa wani ɓangare daga cikinsu ne su musanya shirye-shiryen faɗa da na ilimi da zaman tare, kuma bayan wata shida halayen yaransu sun fi na sauran kyau. Musanya ta fi hani sauƙin aiwatarwa, musamman idan an bar wa yaron jaruminsa: a sauko da shi daga Spider-Man na manya zuwa Spidey, maimakon a ce ba Spider-Man kwata-kwata. Lokacin kallo yana nan da iyakarsa duk da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce sa'a ɗaya a rana.

Zama kusa da yaro shiru ba ya wadatarwa, yana ma iya ɗaukar shirun a matsayin amincewa. Amy Nathanson da Joanne Cantor sun gwada wani abu mai sauƙi a 2000: kafin a kunna katun mai dukan barkwanci, aka ce wa wasu yaran su riƙa tunanin yadda wanda ake dukan yake ji. Yara mazan da aka gaya wa haka ba su nuna ƙarin son faɗa ba bayan kallon, waɗanda ba a gaya wa ba sun nuna. Ga ɗan shekara huɗu ko biyar, gajeriyar magana kai tsaye ta fi tambaya: wannan dukan da zafi, mu ba ma yin haka. Ga ɗan takwas zuwa sama tambaya ta fi wa'azi shiga: da kai ne, me za ka yi kafin ka kai hannu? Wa zai gyara gidajen da suka rushe?

Gidan da ke da yara masu tazarar shekaru shi ya fi shan wahala, domin ɗan tara ba zai yarda da PJ Masks ba, ɗan huɗu kuma ba zai bar ɗakin ba. Idan allo ɗaya ake kallo tare, da shekarun ƙaramin ake zaɓa. Babban a ware masa lokacinsa, bayan ƙaramin ya yi barci ko lokacin da ba ya nan, a kuma gaya masa dalili a fili, har da cewa salon faɗan da ya gani ba a gwada shi a kan ƙane.